Ƙafar yaro ta lanƙwashe, magani ya ƙi ci: abin yi kafin a nemi allurar ƙasar waje

Wata uwa daga Kakuri ta aiko da doguwar tambaya, zan taƙaita ta. Ɗanta ya shekara biyar. Tun da ya fara tafiya ƙafafunsa suka soma lanƙwashewa, an ba shi kalsiyam da bitamin D wata da watanni, ba ta ga canji ba. Daga gefen wuyansa zuwa ƙirji akwai wani tabo mai kaushi da aka haife shi da shi, wanda kakarsa ke cewa tawadar Allah ce. Ƙaninta da ke karatu a waje ya turo mata labarin wata allura da ake gwadawa kan masu ciwon ƙashi da fata, har maigidan ya fara maganar sayar da filinsu na Gonin Gora. Tana so ta san ko allurar ce maganin ɗanta, da yadda ake shiga irin wannan gwaji.

'Yar'uwa, a bar filin nan tukuna. Allurar gaskiya ce, tana nan, kuma ta taimaki yara da yawa. Amma rukuni ɗaya tak take wa aiki a cikin cututtukan da ke lanƙwasa ƙafa, kuma har yanzu ba a tabbatar wace ce ke damun ɗanki ba. Kuɗin da za a kashe a gano hakan bai kai kuɗin katangar filin ba.

Mu fara da abin da ya fi yawa a wajenmu. Ƙafar baka a jikin yaron da bai kai shekara biyu ba yawanci ba cuta ba ce, tana miƙewa da kanta. Haka ma ɗan gwamen da ake gani a shekara uku zuwa huɗu, kafin shekara bakwai ya tafi. Wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa, ga kumburin wuyan hannu, ga ƙulli-ƙulli a jere a kan haƙarƙari, ga yaro yana kukan ciwon ƙafa yana ƙin tafiya, shi ne ciwon laushin ƙashi da likitoci ke kira rikets. Mutanen kudancin Kaduna sun san shi sarai. A ƙauyukan Gbagyi irin su Telele da Kaso da Kafari an ga yara da yawa da ƙafafu a murɗe, kuma gidauniyar Hope for the Village Child da ke kan hanyar Kachia ta shafe shekaru tana ba su kalsiyam, tana kai masu tsanani a yi musu aiki, tare da likitoci daga Würzburg ta ƙasar Jamus. A Turai rashin rana ne ke kawo wannan ciwo, don da hasken rana fata ke yin bitamin D. Mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi kan yara 123 masu rikets. Sun raba su uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, har tsawon mako 24. Waɗanda suka sami kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Abincin yaran kuwa bai ba su fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba. Tuwon masara safe da dare, babu nono, babu kifi, ga kuma wani sinadari a cikin hatsin da ke riƙe ɗan kalsiyam ɗin da ke akwai ya hana hanji tsotse shi.

Saboda haka tambayata ta farko gare ki ita ce: me aka ba yaron, nawa, kuma har tsawon wane lokaci? Ɗauko kwalbar ki duba. Sau da yawa abin da ake saya a kemis da sunan maganin ƙashi ruwan bitamin ne mai zaƙi, kalsiyam ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba. Yaran gwajin Jos miligiram 1,000 aka riƙa ba su kullum. In ɗanki bai sami adadin da likita ya auna masa ba, kowace rana, wata uku zuwa shida ba fashi, to ba a ce magani ya ƙi ci ba tukuna. Kuma ba da ido ake gane ya ci ba, domin ƙafa takan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ta miƙe. Abin da ke fara nunawa shi ne ciwo ya ragu, yaro ya koma wasa, hoton wuyan hannu da gwiwa ya nuna bakin ƙashin da ya yi buzu-buzu ya fara haɗewa. A gida kuma a ƙara masa kindirmo, da kunun tamba, da riɗi, da miyar kuka da zogale, da ƙananan busasshen kifi a daka har ƙayar a zuba a miya. Wannan zai amfane shi ko wace iri ce cutar.

In an yi duk wannan yadda ya kamata, hoto bai canja ba, to lokacin maganar fosfet ya yi.

Ƙashi da abu biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfet. Fosfet yana cikin kusan kowane abinci, da wuya a rasa shi a tukunya. Inda matsalar take ita ce ƙoda. Aikinta ne ta tace jini ta mayar da yawancin fosfet ɗin cikin jiki, ta zubar da ragowar a fitsari. Mai ba ta umarnin ta zubar wani sinadari ne da ƙashi ke fitarwa, sunansa FGF23, wanda aka gano a shekarar 2000. In ya yi yawa sai ƙoda ta yi ta zubarwa ba ƙaƙƙautawa, ta kuma rage sarrafa bitamin D. Jikin irin wannan yaro kamar randa ce mai yoyo: kina zubawa ta sama, yana tsiyayewa ta ƙasa. Tun 1937 wani likita a Amurka, Fuller Albright, ya bayyana rikets ɗin da ba ya jin bitamin D, amma sai da aka shekara sittin da wani abu kafin a kama mai laifin.

Hanyoyi uku ne sanannu da FGF23 ke yin yawa. Wadda ta fi yawa ta gado ce, ana kiranta XLH, tana samun kamar mutum ɗaya a cikin 20,000. Gadonta yana da tsari da za ki iya bi a danginku: uba mai ita yana ba dukkan 'ya'yansa mata, ba ya ba ɗansa namiji ko ɗaya, uwa mai ita kuwa kowane ɗa nata, mace ko namiji, rabi da rabi ne. Ki duba gidanku, tunda ɗanki namiji ne ta wajenki zai ɗauko in gado ne. Akwai gajeru masu lanƙwasasshiyar ƙafa? Akwai waɗanda dasashinsu ke yawan yin ƙurji alhali haƙorin fes yake, babu rami? Wannan alama ce da iyaye ba sa haɗa ta da ƙafa, ga ta kuwa tana da ƙarfi. Duk da haka takan faro a kan yaro ba tare da kowa a dangi yana da ita ba. Ta biyu ta manya ce: wani ɗan ƙaramin ƙari ya ɓuya a ƙashi ko a tsoka yana fitar da sinadarin, mutum ya yi shekaru yana ciwon ƙashi da kasala, in aka gano ƙarin aka cire sai ya warke.

Ta uku ita ce wadda ƙaninki ya karanta, kuma ita ce ta sa na tsaya a kan maganar tabon ɗanki. Likitoci na kiranta CSHS. Ba a gadonta, ba laifin uwa ba ne ko na uba, ba kuma abin da kika ci da ciki ba ne. Tun jariri yana ɗan gudan jini ake samun kuskure a ƙwayar halitta ɗaya, a cikin dangin da ake kira RAS, sai duk sassan da suka fito daga wannan ƙwaya su ɗauki kuskuren, sauran jiki lafiya lau. A fata yakan fito a matsayin tabo mai kauri da kaushi, ruwan ƙasa ko baƙi, yana tafiya layi-layi ko a murɗe, sau da yawa a gefe ɗaya na jiki, ya tsaya cak a tsakiyar ƙirji ko ciki. A fatar kai yakan zama fili mai santsi-santsi da maiƙo inda gashi ba ya fita. Wani lokaci kuma babban baƙin tabo ne mai gashi da ya rufe wuri mai faɗi. A ƙashi yakan bar wurare marasa ƙwari da ke saurin karyewa. Cutar ba ta da yawa ko kaɗan, waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya duka ƙalilan ne, kuma yawancin masu tawadar Allah ba abin da ya same su. Amma tabo mai faɗi irin wannan tare da rikets ɗin da ya ƙi jin kalsiyam, dole likita ya gani. Ki cire wa yaron riga a gabansa, kada ki jira ya tambaya, don mai duba ƙafa ba lallai ya ɗaga riga ba. Ina kuma roƙon ki kada a kai shi wajen wanzami a tsaga wurin, kada a shafa masa abin da zai ƙone shi. A da har likitoci sun zaci tabon ne ke fitar da sinadarin, ana yanke shi da fatan ƙashi zai warke. Binciken da aka yi daga baya ya fi karkata ga cewa daga ƙashin da ya lalace yake fitowa.

Yanzu ga awon jini, inda na fi so ki buɗe ido. Abin da za a rubuta: kalsiyam, fosfet, ALP, awon aikin ƙoda, da fosfet na fitsari. In da hali a ƙara awon wani sinadarin jini mai suna PTH da na bitamin D. A je da safe kafin yaro ya karya, domin abinci yana ɗaga fosfet na ɗan lokaci. In an sha wuyar samun jijiya aka matsa jinin ya farfashe, sakamakon zai iya nuna fosfet ya fi yadda yake, gara a sake.

Ga tarkon da ke sa a yi shekaru ba a gano cutar ba. Yara sun fi manya fosfet a jini, saboda ƙashinsu na girma. Takardun sakamako da yawa kuwa ma'aunin manya ne a buge a gefensu, wato 2.5 zuwa 4.5. Sai a ga yaro ɗan shekara uku ko biyar yana da 3.0, a duba gefe a ga yana ciki, a ce lafiya lau. Ga babba lafiya lau ne, ga wannan yaro ya yi ƙasa. Ki tambayi likita da ladabi: “Likita, wannan ma'aunin na shekarunsa ne ko na manya?” Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Sannan ƙarancin fosfet shi kaɗai bai yanke hukunci ba, domin rashin kalsiyam ma yana jawo shi. Abin da ke raba su shi ne PTH: a rikets na rashin kalsiyam yana hawa sosai, a na yoyon fosfet yana zama daidai ko ya ɗan ɗaga kaɗan. Awon FGF23 kansa sai an aika jini nesa, yana da tsada, kuma likitan yara da ya san aikinsa zai iya kai wa ga gane cutar ba tare da shi ba.

A wannan gefen kogin Kaduna za ki iya farawa da Babban Asibitin Gwamna Awan ko Asibitin St Gerard, duka a Kakuri, ko Babban Asibitin Sabon Tasha, a yi hoto da awon farko. Daga nan ki nemi takardar turawa zuwa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsallaken gada, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ki ce kina neman likitan yara mai kula da ƙoda ko sinadaran girma. Maganar aikin miƙe ƙafa, ko a nan ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ta biyo baya. Ƙashin da aka yanka aka miƙe alhali jini bai daidaita ba yakan koma yadda yake. Mai ɗori kuma ba shi da abin yi a nan, karan da zai ɗaure ba ya ƙara wa jini komai, matsawar kuma tana iya karya ƙashin da dama ba shi da ƙwari.

In an tabbatar yoyon fosfet ne, akwai magani tun kafin allura, wanda aka yi shekara arba'in ana amfani da shi: fosfet na sha, sau huɗu ko biyar a rana tunda ba ya daɗewa a jini, tare da bitamin D wanda aka riga aka sarrafa, kalsitiriyol ko alfakalsidol. Bitamin D na kemis ba zai maye gurbinsa ba. Maganin yana da wahala, ba zan ɓoye miki ba. Ba shi da daɗi a baki, yana sa zawo, yaro ɗan makaranta yakan gaji da shi. In ya yi yawa yana tara kalsiyam a ƙoda, shi ya sa ake awon jini da fitsari duk bayan 'yan watanni, da hoton ƙoda lokaci-lokaci. Shan fosfet shi kaɗai ba tare da abokinsa ba yana da illa, don haka ba abin da za a saya a gwada a gida ba ne. Amma yara da yawa sun miƙe da shi, sun yi tsawo, musamman waɗanda aka fara musu da wuri.

Allurar kuwa sunanta burosumab, ana sayar da ita da sunan Crysvita, kamfanin Kyowa Kirin na Japan da Ultragenyx na Amurka ne suka fito da ita. Irin ƙwayar garkuwar da jiki ke yi don kama cuta ce, aka ƙera ta a ɗakin bincike ta riƙa kama FGF23 ta hana shi isa ƙoda. Ana yin ta a ƙarƙashin fata, yara duk mako biyu, manya masu XLH duk mako huɗu. Turai da Amurka sun amince da ita don XLH a 2018, Amurka ta ƙara da masu ƙarin da ba a iya cirewa ba a 2020. Babbar hujjarta ta fito a 2019: yara 61 masu shekara 1 zuwa 12, aka raba su biyu, wasu allura wasu tsohon magani, har mako 64. Masu allura ƙashinsu ya fi warkewa, ƙafa ta fi miƙewa. Ki lura da abu biyu. Duk yaran nan masu XLH ne. Ga masu tabon fata kuwa, abin da ake da shi rahotanni ne kan mutane 'yan ƙalilan, ɗaya nan biyu can, sakamakon yana da daɗin ji, fosfet ya hau, ciwo ya ragu, amma amincewar da aka yi wa allurar ba ta haɗa da su ba. Abu na biyu, allurar ba ta cire cutar. Ranar da aka daina, yoyon ya dawo. Lokacin da ta fito a Amurka an ƙiyasta kuɗinta ga yaro ɗaya a kimanin dala 160,000 a shekara. Kuɗin filin Gonin Gora ba zai kai ku ko'ina ba, kuma fara ta a yanke bayan wata biyu asara ce kawai. Sai an ajiye ta a firiji ba tare da ta daskare ba, kin kuwa san halin wutarmu. Ba a haɗa ta da fosfet na sha ko sarrafaffen bitamin D, sai an dakatar da su mako guda kafin a fara, in ba haka ba fosfet ya wuce kima. Ba a yi wa mai ciwon ƙoda mai tsanani. Duk wanda ya ce zai kawo miki ita ta intanet ko a jakar matafiyi, ki rabu da shi.

Sai maganar shiga gwaji, wadda ba na ɗaukarta da wasa, kuma ba wani ɗan Arewa da zai ɗauke ta da wasa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya haɗa yara 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, aka yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tarihi bai kamata ya sa mu guje wa kowane bincike ba, don da gwajin Jos ne aka gano kalsiyam mai araha shi ne maganin dubban yaranmu. Amma ya ba mu dalilin yin tambaya ba kunya. Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idojin binciken lafiya a rubuce, kuma gwajin magani sai da izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da za a yi shi.

Gwaji na gaskiya ta hannun likitan yaronki zai zo, a asibiti sananne, bayan an tabbatar da cutar. Ba a biyan kuɗin shiga; duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na rajista ɗan damfara ne. Za a ba ki takardar yarda, kina da haƙƙin a karanta miki ita da Hausa ko da harshen da kika fi ji, ki tafi da ita gida ku duba da maigidan da wani wanda kuka yarda da shi, ki kuma riƙe kwafinki. Ki nemi ganin takardar izinin kwamitin da lambar wayarsu. Ki tambaya ko duk yaran ne za su sami allurar ko za a raba su da ƙuri'a, sau nawa za a ɗebi jini, ina za a kai shi, wa zai biya kuɗin mota da na jinya in wani abu ya faru. Kina iya fita duk ranar da kika ga dama, kuma ba a isa a hana ɗanki kulawar da ya saba samu ba saboda kin fita ko kin ƙi shiga. Tambayar da ta fi duka nauyi a cuta irin wannan ita ce: in gwajin ya ƙare, allurar ta karɓe shi, wa zai ci gaba da ba shi, har zuwa yaushe? A ba ki amsa a rubuce. Yaron da ya saba gudu wata goma sha biyu sannan aka yanke masa, ciwon ya dawo, an cuce shi, kuma tun kafin a sa hannu ake hana faruwar haka.

Kafin ranar asibiti, ki sami fayil ɗaya ki tara komai: katin awon jarirai, tsofaffin hotunan ƙashi, sakamakon jini, da kwalaben magungunan da ya sha. Ki tsayar da shi jikin bango ba takalmi ki ja layi a saitin kansa, ki rubuta kwanan wata, ki riƙa yin haka duk wata uku. Ki ɗauki hotonsa a tsaye, idon sawu a haɗe, ki auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyinsa da tef ɗin tela; in gwame ne, a haɗa gwiwa a auna tsakanin idon sawu. Ki ɗauki hoton tabon da rana, a ga iyakarsa. Ki kai shi likitan haƙori ko da bai yi kuka ba. In yana da ƙanne, ki tafi da su a duba su su ma, tunda tukunya ɗaya suke ci, kuma in abin na gado ne, fara magani da wuri ya fi komai tasiri a kan tsawon da yaro zai yi.